Ayyukan da Python ke zuwa da su: inda suke rage wahala da inda suke ɓata lissafi shiru

Duk wanda ya girka Python a kwamfutarsa, ko ya sauke Pydroid 3 a waya kamar yadda matasa da yawa a Kano suke fara koyo, ya riga ya mallaki ayyuka kusan 70, wato shiryayyun umarnin da ake kira da suna su yi wani aiki, da ba sai ya ɗauko su daga wani wuri ba. `print`, `len`, `input`, `sum`, `max`, `sorted`, `round`, `zip`, `open` da 'yan uwansu duk suna nan a shirye tun kafin a rubuta layin farko. Ba a bukatar `import` kafin a kira su. Su ne ginannun ayyuka, waɗanda aka gina a jikin yaren kansa.

Masu koyarwa sukan bi ta kansu da gudu a makon farko, don a ganinsu abu ne mai sauƙi, gara a garzaya wajen Django na gina shafukan intanet da pandas na sarrafa bayanai inda ake ganin kuɗin yake. Ni kuwa a nan nake ganin aikin yake. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana ɗauke da hukuncin da wasu mutane suka yanke tun tuni: mene ne jerawa daidai, wane ɓangare rabi zai faɗa idan aka cike lamba, me za a yi idan jeri biyu ba su zo tsawo ɗaya ba. Galibin hukuncin yana da hujja mai ƙarfi. Sai dai waɗanda suka yanke shi ba su da littafin bashin ɗan Kantin Kwari a gabansu, ba su kuma yi shi don ƙ da ɗ da ɓ ba. Abin kamar kwanon awo ne: kowa a kasuwa ya yarda da shi, amma baƙon da ya zo daga wani gari ya kamata ya fara sanin girmansa kafin ya yi ciniki.

Ayyukan ba rana ɗaya suka taru ba. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fara rubuta Python a ƙarshen 1989, yaren ya fito fili a 1991. `sum` da `enumerate` sun shigo a 2003, `sorted` a 2004, `any` da `all` a 2006. A Disambar 2008 aka saki Python 3, wanda ya sauya halin wasu daga cikinsu gaba ɗaya: `print` ya koma aikin da ake kira da baka biyu, `input` ya daina fassara abin da aka rubuta masa, `map` da `filter` da `zip` suka daina dawo da cikakken jeri. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin bidiyoyi da takardun darasi da ake ta yi wa hoto suna yawo har yanzu. Idan ka ga `print "sannu"` babu baka, ko ka ga `raw_input`, to darasin na wancan zamanin ne, kuma wasu bayanansa ba su dace da abin da ke wayarka ba.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne yadda Python ke nemo suna. Idan ka rubuta `sum`, zai fara dubawa a cikin aikin da kake ciki, sannan aikin da ya kewaye shi, sannan fayil ɗin gaba ɗaya. Sai ya rasa a duk waɗannan wurare uku yake leƙawa wajen ginannun. Wato su ne na ƙarshe a layi, kuma duk wanda ya ɗauki sunansu ya sha gabansu. Python bai hana ka ba. Dubi wannan:

```
sum = 0
for k in ciniki:
    sum = sum + k

jimla = sum(kashewa)
```

Layi ukun farko za su yi aiki lafiya ƙalau. Na ƙarshe ne zai tsaya da saƙon `TypeError: 'int' object is not callable`, mai koyo ya zauna yana kallon layin da babu laifin komai a jikinsa. Laifin yana can sama: tun da aka ce `sum = 0`, sunan ya tashi daga kan aikin ya koma kan lamba. Haka yake faruwa da `list`, `max`, `str`, `id`, `input`. A nan mai Hausa yana da wata 'yar riba da mai Ingilishi ba shi da ita. Idan ka sa wa abubuwanka suna `jimla`, `jeri`, `farashi`, ba za ka taɓa cin karo da sunan ginannen aiki ba. Python 3 ma yana karɓar haruffa masu lanƙwasa a cikin suna, `kuɗi` da `mabuɗi` duk suna aiki, illa dai wahalar buga su a wasu madannai.

To me ya sa za a kira `sum` ko `max` alhali mutum zai iya rubuta zagayen `for` da hannunsa? Dalilin da aka fi faɗa shi ne sauri, kuma gaskiya ne. Python ɗin da kusan kowa ke amfani da shi, CPython, da yaren C aka rubuta shi, ginannun ayyukan kuma a can ƙasa suke gudana, ba sa bin layi-layi kamar umarnin da ka rubuta. `len` ma ba ya ƙirga komai, jerin yana riƙe da adadin abin da ke cikinsa, tambayarsa kawai ake yi, shi ya sa jeri mai abu goma da mai miliyan goma duk lokaci ɗaya suke ɗauka. Amma ga mai ɗan shago da ke lissafin ciniki ɗari biyu a rana, saurin nan ba zai ma lura da shi ba. Dalilin da ya fi nauyi a wurina shi ne zagayen hannu yana ɓoye kuskure. Mai koyo da ke neman ranar da aka fi cin riba yakan fara da `mafi_girma = 0`, ya bi jerin yana kwatantawa. Ranar da ya shigar da makon da aka yi ta faɗuwa, duk lambobin suna ƙasa da sifili, manhajar za ta ce masa ribar da ta fi yawa ita ce 0, lambar da babu ita a jerin sam. `max(riba)` ba ya wannan. Idan ma jerin babu komai a ciki, tsayawa yake ya yi ƙorafi, sai dai in ka gaya masa abin da zai dawo da shi, kamar `max(riba, default=0)`.

Akwai kuma `key`, wanda a ganina duk wanda ya iya shi ya wuce matakin ɗan koyo. Da shi ake gaya wa aikin abin da zai duba wajen kwatantawa. Idan kana da ƙamus, wato ma'ajin da ke haɗa kowane abu da abokinsa, mai suna `bashi`, sunayen mutane a gefe guda kuɗin da ake bin su a ɗaya gefen, `max(bashi)` zai ba ka sunan da ya zo ƙarshe a jerin haruffa, abin da ba wanda ya tambaya. `max(bashi, key=bashi.get)` shi ne zai fito maka da wanda aka fi bi.

Yanzu sai `input`, inda kowa ke fara tuntuɓe. Duk abin da aka buga masa, rubutu yake dawo da shi, ko da lamba ce. "500" da "200" idan aka haɗa su da alamar tarawa "500200" za su ba da. Wannan da sauƙi, ido zai gani nan take. Wanda ido ba ya gani shi ne irin wannan:

```
max(["900", "1500", "12000"])
```

Amsar ita ce "900". Rubutu harafi-harafi ake kwatanta shi daga hagu, 9 kuwa ya fi 1, shi ke nan shari'a ta ƙare. Babu saƙon kuskure, babu jan layi. Maganin shi ne a juya su zuwa lamba da `int` tun a bakin ƙofa. Shi ma `int` yana da nasa hali. Mutanenmu da waƙafi suke rubuta kuɗi, `int("1,500")` kuwa ba zai karɓa ba sai an cire waƙafin da `.replace(",", "")`. `int(3.9)` 3 yake ba da, yanke wutsiya yake yi, ba ya cikewa. Kuma kada a kuskura a juya lambar waya zuwa `int`: `int("0803")` 803 ne, sifilin farko ya tafi. Lambar waya da lambar asusun banki da lambar katin ɗan ƙasa duk a rubutu ake barin su, tunda ba a tara su ba a kuma raba su. A wajen fitarwa, `format(1250000, ",")` zai mayar maka da waƙafin, ya ba da 1,250,000. Shi kuma `bool` a yi hattara da shi: `bool("0")` gaskiya ne, `bool("False")` ma gaskiya ne, domin duk rubutun da ba fanko ba gaskiya yake ɗaukarsa.

Inda lamarin ya fi shafarmu kai tsaye shi ne `sorted`. Ka ba shi waɗannan sunaye:

```
sunaye = ["Zainab", "Ɗanladi", "Bala", "Dauda", "Ƙasimu", "Kabiru"]
sorted(sunaye)
```

Zai dawo da Bala, Dauda, Kabiru, Zainab, Ɗanladi, Ƙasimu. Ɗanladi da ya kamata ya bi bayan Dauda ya koma bayan Zainab, Ƙasimu ma haka. Duk malamin da ya taɓa rubuta rajistar aji zai ce wannan ba daidai ba ne, kuma yana da gaskiya. Abin da ke faruwa shi ne `sorted` bai san abacada ba, ta Hausa ko ta kowa. Lamba yake dubawa. Kowane harafi yana da lambarsa a Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lamba, kuma `ord` zai nuna maka ita: `ord("D")` 68 ne, `ord("Z")` 90, `ord("z")` 122. Namu masu lanƙwasa an ajiye su can gaba: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599. Don haka duk kalmar da ta fara da su ƙarshen layi za ta tsaya. Hatta a tsakiyar kalma abin yana aiki, "baƙo" zai zo bayan "bazara". Daga lambobin nan kuma za ka ga wata matsalar: manyan haruffa daga A zuwa Z duka suna gaban ƙanana, wato "Zainab" zai riga "aisha" idan mai shigar da suna ya manta bai fara da babban harafi ba. Su kuma kalmomi irin su 'yan da 'yar, alamar da ke gabansu lambarta 39, sai su haye saman jerin gaba ɗaya. Wannan alamar ma tana da wata fitinar: idan ka kewaye rubutu da alamar zance guda-guda, Python zai ɗauka rubutun ya ƙare a kanta. Mai rubuta Hausa gara ya saba da alamar zance mai biyu-biyu, "'yan kasuwa".

Gyaran ba shi da tsawo. Kai ne za ka koya masa abacadar:

```
haruffa = "abɓcdɗefghijkƙlmnopqrstuvwxyƴz"

def mabuɗi(suna):
    return [haruffa.find(h) for h in suna.lower()]

sorted(sunaye, key=mabuɗi)
```

Yanzu kowane suna za a mayar da shi jerin lambobi bisa matsayin haruffansa a layin da ka rubuta, da waɗannan lambobin za a jera. Sakamakon: Bala, Dauda, Ɗanladi, Kabiru, Ƙasimu, Zainab. `lower` ya san cewa ƙaramin Ɗ shi ne ɗ, a wannan ɓangaren Unicode bai bar mu a baya ba. Wanda yake so ya ɗauki sh da ts a matsayin harafi guda-guda, kamar yadda ake koyarwa a firamare, sai ya ƙara ɗan aiki a cikin `mabuɗi`. Wannan shawara ce ta mai manhaja da wanda zai yi amfani da ita, Python ba shi da ra'ayi a kai.

Akwai wata baiwa a `sorted` da ba a cika ambata ba. Tsarin jerawar da ke ƙarƙashinsa, Timsort, wanda Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002 har yaren Java ya ara daga baya, ba ya hargitsa abubuwan da suka yi kunnen doki. Idan ka fara jera masu bashi bisa suna, sannan ka sake jera su bisa yawan kuɗi, duk waɗanda ake bi kuɗi ɗaya za su ci gaba da zama a jere bisa suna. Jerawa sau biyu ke nan, kowacce layi ɗaya. A kula kuma da bambancin `sorted(jeri)` da `jeri.sort()`. Na farko sabon jeri yake ba ka ya bar tsohon yadda yake. Na biyu a wurin yake gyara tsohon, kuma ba ya dawo da komai. Wanda ya rubuta `jeri = jeri.sort()` ya zubar da jerinsa da hannunsa, abin da ya rage masa `None` ne, wato babu komai.

Haruffan nan namu suna sake tayar da ƙura a wajen `open`. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da "Æ™asa" a maimakon ƙasa, ko "É—an" a maimakon ɗan. Ga asalin abin. A UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffan Unicode da shi, ƙ gurbi biyu yake ci a fayil, shi ya sa `len("ƙasa")` yake ba da 4 amma `len("ƙasa".encode("utf-8"))` yake ba da 5. Idan manhaja ta karanta waɗannan gurabe biyu da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, cp1252, sai ta ɗauki kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa, na farko Æ na biyu ™. `open("bashi.txt")` haka kawai, ba tare da an faɗi tsari ba, ya daɗe yana bin abin da kwamfutar ta saba da shi. A Linux da wayoyin Android wannan UTF-8 ne, a Windows kuwa sau da yawa cp1252 ne. Sai ka ga manhajar da ta yi aiki sumul a waya ta lalace da zarar an kai ta kwamfutar ofis. A wajen rubutawa ma tsayawa take cak da `UnicodeEncodeError`, domin cp1252 ba shi da ƙ, ba shi ma da alamar naira ₦. Maganin kalma biyu ne, `open("bashi.txt", encoding="utf-8")`, a wajen karantawa da wajen rubutawa, ko da yaushe. Ban ga uzurin barinsa ba ga wanda zai taɓa rubutun Hausa.

Sai `round`, mai jawo rigima da masu gida. Mu ɗauka wani matashi ya rubuta wa kawunsa mai shagon atamfa da shadda 'yar manhaja, aka ce ta riƙa cike kuɗi zuwa ɗari mafi kusa saboda matsalar canji. Ya rubuta `round(kuɗi, -2)`. Aka gwada 1,350 ta ba da 1,400, kowa ya gyaɗa kai. Aka gwada 1,250 ta ba da 1,200.

"Kai, ina hamsin ɗina?"

"Kawu, kwamfuta ce ta lissafa."

"To ita kwamfutar a wace makaranta aka koya mata? Ɗazu ta hau, yanzu ta sauka."

Alhaji bai yi kuskure ba, manhajar ma ba ta lalace ba. A makaranta an koya mana rabi sama yake tafiya, Excel ma haka yake yi, zai ba da 1,300. Python 3 kuwa, idan lamba ta tsaya daidai tsakiya, wajen lambar da ke rabuwa biyu ba saura yake kai ta. Shi ya sa `round(2.5)` 2 ne, `round(3.5)` 4 ne, `round(0.5)` kuma 0, shi ma 1,250 da ke tsakanin ɗari 12 da ɗari 13 sai ya faɗa wa ɗari 12. Hikimar ita ce idan kullum sama ake kai rabi, aka tara dubban lambobi, jimlar za ta riƙa kumbura kaɗan-kaɗan. Idan wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, sai abin ya daidaita. Ga masu ƙididdiga wannan alheri ne. Ga mai shagon da ke son rasitinsa ya yi daidai da abin da ke kansa, ba haka ba ne. Python 2 sama yake kai wa, wani dalilin ke nan da tsohon darasi zai iya ruɗa mutum. Idan sama ake so, lissafin hannu ya wadatar: `(kuɗi + 50) // 100 * 100` zai mayar da 1,250 zuwa 1,300, ya bar 1,249 a 1,200.

A ƙarƙashin wannan akwai wata matsalar da ta fi zurfi, wadda ba ta Python kaɗai ba ce. `round(2.675, 2)` yana ba da 2.67, ba 2.68 ba, kuma wannan karon ba dokar rabi ba ce ta jawo. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lambobi masu ɗigo, kuma yawancinsu ba sa shiga cif. Abin da ta ajiye a matsayin 2.675 ya gaza haka da ɗan ƙanƙanin abu, don haka ƙasa ya fi kusa. Wannan ne dalilin da `0.1 + 0.2` ke ba da 0.30000000000000004. A lissafin awon fili ko zafin rana ba wanda zai damu. A lissafin kuɗi kuwa, musamman inda ake cire kaso, kamar harajin VAT na 7.5 cikin ɗari, kwabo ɗaya da ya ɓata yau zai hana littafi rufuwa a ƙarshen wata. Hanya biyu ce: ko a riƙe kuɗin duka a kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, sai wajen nunawa a raba da 100, ko a ɗauko `Decimal` daga kundin `decimal`, wanda ke lissafi irin na takarda da biro kuma yana bari ka zaɓi yadda za a cike. Na fi son ta farko ga ƙaramar manhaja, don ba ta da abin mantawa.

Ba duka ne masu tarko ba. `divmod` aiki ne mai tsabta da ba a cika tunawa da shi ba: idan a misali buhu yana cin kwano 40, mai hatsi a Dawanau kuma yana da kwano 130, `divmod(130, 40)` zai ba shi 3 da 10 a tashi ɗaya, buhu uku da ragowar kwano goma. `enumerate(jeri, start=1)` yana sa wa layukan rasiti lamba daga 1, ya raba ka da `range(len(jeri))` da ƙara ɗaya da hannu. `abs` yana cire alamar ragi. `set` yana zubar da maimaici, amma ba ya riƙe tsarin da abubuwa suka zo a kai. `range(1, 10)` a 9 yake tsayawa. Waɗannan da an gwada sau biyu sun zauna.

`zip` shi ne wanda nake jin tsoro. Aikinsa haɗa jeri biyu ɗaya-da-ɗaya, kaya a nan farashi a can:

```
kaya = ["atamfa", "shadda", "leshi", "yadi"]
farashi = [18000, 45000, 6000]
list(zip(kaya, farashi))
```

Kaya huɗu, farashi uku. `zip` zai haɗa uku ya tsaya, yadi ya ɓace, ba zai ce uffan ba. Mafi muni, a misalin nan farashin leshi ne aka manta ba a shigar ba, don haka 6,000 ɗin yadi ya matso ya zauna a kan leshi. Rasitin zai fito tsaf, babu alamar komai, sai an sayar da leshi a kuɗin yadi. Masu kula da yaren sun san da wannan, shi ya sa daga Python 3.10, wanda ya fito a Oktoban 2021, aka ƙara `strict=True`. Da shi, da zarar tsawon ya bambanta manhajar za ta tsaya da `ValueError`. Duk inda jeri biyu ya wajaba su zo daidai, a sa shi. Wanda ya fi ma shi ne kada a raba kaya da farashinsa gida biyu tun farko, a ajiye su tare a ƙamus.

`zip` da `map` da `filter` suna da wani hali na biyu da Python 3 ya ba su. Ba jeri suke dawo da shi ba, wani abu ne da ke miƙo ɗaya bayan ɗaya sai an nema, don kada a cika ƙwaƙwalwar na'ura da abin da ba a bukata tukuna. A wayar da ba ta da ƙarfi wannan taimako ne. Amma sau ɗaya ake bi ta kansu. Ka ce `lambobi = map(int, layuka)`, ka kira `sum(lambobi)` ka samu jimlar ciniki. Ka sake kiran `sum(lambobi)` a ƙasa don lissafin kaso, sai ka samu 0, domin an riga an kwashe. Nan ma babu ƙorafi. Idan za a yi amfani da sakamakon fiye da sau ɗaya, a kama shi da `list` tun farko.

Irin wannan shirun yana wajen `all`. `all(biya)` yana cewa gaskiya idan kowa ya biya. To idan jerin fanko ne fa, wataƙila saboda fayil ɗin bai karantu yadda ya kamata ba? `all([])` gaskiya yake ba da. A ilimin mantiƙi hakan daidai ne, tunda ba a samu ko mutum ɗaya da bai biya ba. A allon ma'ajin adashe kuwa abin da zai bayyana shi ne kowa ya zuba, alhali manhajar ba ta ga sunan kowa ba. Sai a fara tabbatar da cewa jerin yana da wani abu a ciki, `if biya and all(biya)`.

Mai son duba irin waɗannan halaye ba sai ya kashe data ba. `help(round)` ko `help(sorted)` a cikin Python yana buɗe bayanin aikin ko babu intanet, kuma na `round` gajere ne, minti ɗaya ya isa. `dir` yana lissafo abin da kowane abu ya iya yi, `type` yana gaya maka ko abin da ke hannunka lamba ne ko rubutu, tambayar da ke warware rabin rikicin masu koyo. Bayanin da Ingilishi yake, wannan kam gaskiya ne, amma gwaji ba shi da yare: buɗe Python, buga `round(1250, -2)`, ka ga amsa da idonka.

Na bar `eval` a ƙarshe don shi ba lissafi yake ɓatawa ba, ƙofa yake buɗewa. Aikinsa ya karɓi rubutu ya gudanar da shi a matsayin umarnin Python. `eval("2500 * 12")` zai ba da 30000, shi ya sa darussan haɗa kalkuleta suke son sa, layi ɗaya an gama, `eval(input())`. Amma ba lissafi kaɗai yake karɓa ba. Duk abin da Python zai iya yi, wanda ke zaune gaban madannai zai iya sa shi ya yi: ta hanyar `__import__` zai kai ga kundin `os`, daga nan ya goge fayil ko ya karanta abin da ba a nufa ya gani ba. A wayarka kai kaɗai ba wata barazana. Ranar da manhajar ta hau intanet, ko aka ajiye ta a kantin da yara da baƙi ke taɓa kwamfutar, duk wanda ya samu akwatin rubutun ya samu na'urar. `input` na Python 2 haka yake yi da kansa ba tare da an sa shi ba, yana daga cikin abubuwan da aka gyara a 2008. `exec` ɗan uwansa ne, haɗarinsu ɗaya. Idan lamba ake so daga mai amfani, `int` ko `Decimal` sun isa. Idan jeri ko ƙamus ne aka ajiye a rubuce ake so a dawo da shi, `literal_eval` na kundin `ast` yana karɓar lambobi da rubutu da jeri, ya ƙi duk wani kiran aiki. Idan kuwa kalkuleta ce ake haɗawa, a karɓi lambar farko daban, alama daban, lamba ta biyu daban, a duba alamar da `if` ko tana cikin huɗun da aka yarda da su.